Yadda Za Ka Sa Wa Tsohuwar Fijo 504 Bel Ɗin da Zai Riƙe Ka

Motar mahaifina Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, fara. Da ta dawo hannuna bayan ta daɗe a ƙarƙashin rumfa, na yi abin da kowa yake yi: na bi inji, na bi birki, na sa tayoyi, na kai ta fenti. Bel ne abu na ƙarshe da na duba, kuma shi ne ya fi tsorata ni. Na direba ya ƙeƙashe kamar kirgi. Na ɗaya gefen wani ya taɓa ɗaure shi da bolti ɗaya a kan ƙarfen da na huda da sukudireba ba tare da na yi nishi ba. A baya kuwa babu ko ɗaya.

Tun 1975 aka fara haɗa wannan mota a Kaduna, aka kuma ci gaba har cikin shekarun 2000, don haka akwai masu tsohon bel wanda ba ya naɗe kansa, akwai masu na zamani, akwai waɗanda aka yanke musu shi tun suna kabu-kabu. Abin da zan faɗa a nan ya shafi dukkansu, ya kuma shafi 404 da tsohuwar Marsandi da Volkswagen ɗin nan mai doro, don aikin ɗaya ne.

Kafin ka taɓa sifana, ka riƙe wannan lissafi. A ƙa'idar Turai ta gwada wuraren ɗaure bel, ana jan ɓangaren kafaɗa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 1,350, a ja na ƙugu da wani 1,350, duk a lokaci guda. Kowannensu ya kai nauyin motar kanta. Wato idan kana duba ramin da za ka sa bolti, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: da za a rataye motar nan da wannan wuri, zai riƙe? Igiyar ba ta cika tsinkewa ba. Ƙarfen da aka ɗaure ta a kai shi yake yagewa.

Fara da tone-tone

Ka cire kujerun gaba gaba ɗaya, ka ɗage kafet, ka cire robar da ta rufe ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Kujerar baya ma ka fitar da ita, mazauni da majingina. Mutane ba sa son wannan mataki saboda ƙura da ɓata lokaci, amma ba ka ganin gaskiyar mota sai ka tuɓe ta.

Abu biyu kake nema. Na farko, ramukan da kamfani ya riga ya tanada. Motoci da yawa na shekarun 1970 sun zo da noti a manne a cikin jiki ko da ba a sa musu bel ba, sai a toshe ramin da 'yar roba ko a rufe shi da kafet. Ka laluba saman ginshiƙi daidai kunnen direba, ka duba ƙasansa kusa da dokin ƙofa, ka duba gefen tudun nan na tsakiya da farfela ke bi ta ƙarƙashinsa. A baya ka duba ƙarƙashin mazauni da kusa da kumburin taya. In ka samu, ka gode wa Allah, rabin aiki ya ƙare, don injiniyoyi sun ninka ƙarfe a wurin sun kuma auna kusurwa.

Na biyu, tsatsa. Ka ɗauki sukudireba da ƙaramar guduma ka bi kewayen kowane rami, sama da ƙasa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana yin bus kamar kwali. Mu nan Arewa iskarmu busasshiya ce, shi ya sa muke zaton motocinmu ba sa tsatsa, amma robar gilashi da ta mutu tana zuba ruwan damina ƙarƙashin kafet, ya kwanta can wata da watanni. Motar da ta yi zaman Legas ko Fatakwal kuwa ba a magana. Ka kula da inda fanel bita ya taɓa cikewa da fila ya shafe da baƙin fenti. Maganaɗisu zai tona asiri: inda bai kama ba, ba ƙarfe ba ne.

In ka ga ruɓa, aikin bel ya tsaya tukuna. A yanke wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a sa sabon faci mai kauri ɗaya da na asali ko fiye, a yi walda zagaye ba ɗige-ɗige ba. Ka duba ƙafafun kujera ma, don kujerar da ta tsinke daga ƙasa za ta danna mutum cikin bel ɗin da nauyinta.

Wane iri za ka sa

Mai ɗauri uku, wanda ya ratsa kafaɗa da ƙirji ya kuma kewaye ƙugu. Wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya fito da shi a 1959, kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta, kuma har yau ba a samu wanda ya fi shi a motar hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa ga mazauna gaba da kusan rabi.

Na ƙugu kaɗai ya fi babu, don yana hana a cillo mutum waje. Amma a karo yana naɗe mutum biyu kamar wuƙar aljihu: kai ya sami sitiyari ko dasbod, igiyar ta nutse cikin ciki, ƙashin baya ya sha wuya. Ka bar shi ga kujerar tsakiya ta baya inda babu wurin rataya na kafaɗa.

Samari masu son ado kan so irin na motocin tsere, mai igiya biyu a kafaɗu. Ba na goyon baya. An yi shi ne don mota mai kejin ƙarfe a ciki da kujera ta musamman. A motar gida, igiyoyin kafaɗa kan ja na ƙugu sama zuwa ciki, in kuma mota ta kife rufi ya lotsa, ya riƙe ka a miƙe ba halin sunkuyawa. Ga shi ba za ka iya miƙa hannu ka ɗauki ko takardar mota ba.

Saura zaɓi tsakanin mai tsayawa yadda aka saita shi da mai naɗe kansa. Na farkon yana da ƙarfi, ba ya lalacewa, kuma shi ne ya dace da kamannin motar ta asali. Illarsa ita ce mutane. Maigida ya saita shi daidai tumbinsa, uwargida ta shiga ta sa shi a sake, ba wanda zai tsaya ja da sassautawa kullum. Bel mai sako-sako kuwa yana barin jiki ya yi gudu kafin ya tare shi. Saboda haka ni na zaɓi mai naɗe kansa, kuma shi nake ba kowa shawara, in dai motar hawa ce ba ta ajiye wa kallo ba.

A kasuwa

Nan na fara yin kuskure. Na shiga kasuwar kayan gyara, wani yaro ya zaro min bel biyu masu tsabta daga tarin kayan Beljiyam, ya ce, "Alhaji, wannan na sabuwar mota ne, ya fi na Fijo sau goma." Na biya. Da na kai wa bakanikena, dattijo ne da ya tsufa a kan waɗannan motoci, sai ya juya shi ya nuna min wani bututu da wayar lantarki mai ruwan ɗorawa a jikin gidan naɗin, wato ɗan akwatin da igiya ke naɗewa a ciki. Ya ce, "Yallaɓai, wannan da albarushi a ciki."

Gaskiyarsa. Bel ɗin motocin zamani yana da ɗan abin fashewa da ke fizge igiya a lokacin karo, kuma kwamfutar jakar iska ce ke ba shi umarni. Da yawansu kuma an yi su ne su riƙa sakin igiya kaɗan-kaɗan idan nauyi ya yi yawa, bisa lissafin cewa jakar iska na gaba tana jiran mutum. A Fijo 504 ba abin da ke jiranka sai sitiyari. Ban da haka, ba ka san tarihin na gwanjo ba. Bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a haɗari ya gama aikinsa, zarensa ya miƙe, ko da ido bai gani ba.

Sabo za ka nema, irin wanda ake yi don tsofaffin motoci, kuma cikakken saiti: gidan naɗi, igiya, harshe (ƙarfen da ake cusawa a makulli), makulli, zoben sama, da boltocinsa. Kada ka haɗa harshen wani da makullin wani. Zai iya yin ƙas ya shiga, ya kuma fita ranar da ake buƙatarsa.

Ka karanta ƙyallen da aka ɗinka a ƙarshen igiyar. Na ƙa'idar Turai yana da harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa. Kusa da shi za ka ga wani abu kamar Ar4m. Harafin A na nufin mai ɗauri uku, da B ne da na ƙugu ne kaɗai. r4 na nufin gidan naɗi mai kullewa a lokacin gaggawa. m na nufin yana kullewa ta hanya biyu, in an fizgi igiya ko in mota ta yi tsayuwar bazata. Na Amurka za ka ga an rubuta FMVSS 209. Wanda ba shi da ƙyalle ko kaɗan, ko aka buga rubutun a karkace da kurakurai, ajiye musu kayansu. Faɗin igiyar kirki yana kusan milimita 47, ɗinkinta a cike yake a jere, harshen kuma yana da nauyi a hannu. Araha ba ta ado, balle ceton rai.

Sai abin da yawancin masu sayarwa ba su sani ba: kusurwa. A cikin gidan naɗi akwai 'yar ƙwallon ƙarfe ko wani ɗan lilo da ke zaune a mazauninsa. In mota ta ci birki da ƙarfi ko ta karkata, sai ya gusa ya tura haƙori ya kulle. Saboda haka kowane gidan naɗi da yadda aka ƙera shi ya zauna, wani a tsaye, wani a kwance, wani a jirkice. A ƙa'ida bai kamata ya kulle ba in an karkata shi digiri 12 ko ƙasa da haka, kuma dole ya kulle in ya wuce 27. Ka gwada a shagon: riƙe shi yadda aka ƙera shi ya zauna ka ja igiya a hankali, ta fito sumul. Karkata shi ka sake ja, ta ƙi. In ta fito ta kowace fuska, ya mutu. In ka ɗaura na tsaye a kwance, ko dai ya ƙi fitowa sam, ko ya riƙa kullewa a kowane gangare har ka tsane shi. Akwai masu ɗan maɓalli a gefe da ake juyawa a saita kusurwa, su suka fi sauƙin sha'ani a tsohuwar mota.

Bolti da faranti

Ga wani abin mamaki. Duk da cewa Fijo motar Faransa ce kuma kusan komai nata da milimita ake aunawa, boltin bel a yawancin motocin duniya na inci ne: 7/16, mai zare 20 a kowane inci, wanda ake rubutawa 7/16-20 UNF. Kaurinsa ya ɗan haura milimita 11. Boltin 10 zai shiga yana rawa, na 12 ba zai shiga ba sai da ƙarfin tsiya, kuma in yaron gareji ya tura shi da dogon sifana ya kashe zaren notin da ke cikin jiki. Ka tsaya a kansa. Bolti na daidai da yatsu ake fara shigar da shi, zagaye uku ko huɗu, kafin a kawo sifana. In ramin ya cika da tsatsa da fenti, a zuba mai a bi shi da abin gyaran zare mai lamba ɗaya.

Ƙarfinsa a kansa ake karantawa. Na inci mai zane uku a ka shi ne mafi ƙaranci da za a yarda da shi, mai zane shida ya fi. Inda ka huda sabon rami kana amfani da na milimita, ka nemi mai lamba 8.8 ko 10.9, kauri 12. Bolti mai sanƙon kai, wanda ba zane ba lamba, na ƙofar gida ne.

Inda babu noti na kamfani, ba a huda ƙasan mota kawai a sa wosha a ɗaure. Ƙarfen wurin bai fi milimita ɗaya ba, bolti zai fice ta ciki kamar maɓalli daga tsohuwar riga. Faranti ake sawa ta ƙarƙashi. Masu tsara dokokin tseren mota sun sa mafi ƙaranci kauri milimita 3 da faɗin santimita 40 murabba'i, wato kamar 6 da rabi kowane gefe. Ni na sa an yanka min santimita 8 da 6, kauri milimita 4. A goge kusurwoyinsa su zama da'ira, a kashe kaifin bakin da zai jingina da jikin mota, in ba haka ba farantin da kansa zai yanka ƙarfen kamar abin buɗe gwangwani. A ƙwanƙwasa shi ya bi siffar wurin ya kwanta lif. Kuma ya kasance a bayan ƙarfen, ta fuskar da in an ja bel zai danno jikin mota, ba ta ciki inda za a ɗage shi ba.

Kada ka yarda mai walda ya manna kan bolti ko ƙarfen bel kai tsaye a jiki. Wuta tana kashe ƙarfin bolti, waldar kuma a kan siririn ƙarfe take zaune.

Kujerun gaba

Mayar da kujerar direba ka ɗaure ta na wucin gadi, ka zaunar da wanda ya fi tuƙa motar, ya saita ta yadda yake so. Da mutum a zaune ake auna komai.

Zoben sama ya kasance daidai kafaɗa ko sama da ita kaɗan, kuma ta baya. Igiya ta sauko ta tsakiyar ƙashin wuya, tsakanin wuya da ƙarshen kafaɗa. In ya yi sama da yawa za ta riƙa gogar wuya, mutum ya gaji ya tura ta ƙarƙashin hammata, a nan kuwa haƙarƙari take karyawa. In ya yi ƙasa da kafaɗa ya fi muni, don a karo igiyar za ta danne mutum ƙasa ta matse ƙashin baya. In ginshiƙin yana da ramin kamfani, shi ke nan. In babu, aikin gwani ne: a yi wa dogon faranti waldar noti a waje, a zura shi cikin ginshiƙin ta wata kafa, a jawo shi da waya har ya zo daidai hujin, a kafe shi da ribiti biyu ko ɗigon walda don kada ya faɗa. Ribitin riƙe shi kawai yake yi kafin a ɗaure, ba shi ke ɗaukar nauyi ba.

Boltin zoben yana zuwa da ɗan bututu ko kafaɗa a jikinsa. Amfaninsa shi ne a ɗaure bolti tam amma zoben ya ci gaba da juyawa yana bin jikin mutum. Kada a yar da shi. Na ga inda aka yar, aka bar boltin a sake don zobe ya juya.

Gidan naɗi yana zama a gindin ginshiƙin, daidai ƙarƙashin zoben, don igiya ta hau a miƙe ba ta gogar komai. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri ka sa ma'aunin ruwa irin na magina a jikinsa kafin ka ɗaure. In jikin motar ya karkata a wurin, a yi masa ƙafa da ƙarfe mai kauri irin na faranti, gajeriya, ba dogon hannu da zai lanƙwashe ba.

Ƙarshen igiyar ƙugu yana ɗauruwa a dokin ƙofa ta ciki ko a ƙasa, bayan ƙugun mai zama. Ka tsuguna ka kalle shi daga gefe. Igiyar ta sauka daga ƙashin ƙugu zuwa bolti a gangare mai tsayi, kamar digiri 45 zuwa 70 daga shimfiɗar ƙasa. In boltin ya yi nisa can baya har igiyar ta kusa kwanciya, a karo mutum zai sulale ta ƙarƙashinta, ta hau cikinsa inda hanji da hanta suke. Wannan kusurwa ta fi komai muhimmanci a duk aikin, kuma ita aka fi yin sakaci da ita, saboda mai ɗaurawa yana neman inda diril zai shiga da sauƙi ne kawai.

Makulli yana ɗauruwa a gefen tudun tsakiya da irin wannan kusurwa. Tsawonsa ya tsaya a gefen ƙugu. In ya yi tsawo har ya hau kan ciki, yana jan igiyar ƙugu sama ya kuma kautar da ta kafaɗa. Ga kujeru rabe, mai sandar waya da ke tsaye da kansa ya fi daɗi, da hannu ɗaya ake sa shi. Ga a-kori-kura mai doguwar kujera, mai igiya za ka sa ya ɓullo ta tsakanin mazauni da majingina.

Kafin kowane huji, ka shiga ƙarƙashin mota da tocila. Bututun birki da na mai da wayar birkin hannu duk ta nan suke bi, salansa ma tana kusa. Fara da siririn diril, ka leƙa ka ga inda ya ɓullo, sannan ka faɗaɗa zuwa 12. Goge bakin ramin, shafa fentin hana tsatsa, sa ɗan gam mai hana ruwa tsakanin faranti da jiki. Kafet da soso kada su shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a yanke su a kewaye, don suna lotsewa bolti ya saki. Noti ya zama mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da girgiza. In akwai sifana mai awo, a bi abin da takardar bel ɗin ta ce, yawanci wajen 40 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar. Zaren bolti ya fito bayan noti aƙalla biyu.

Baya

Nan yara suke zama, nan kuma aka fi barin fanko. Babban da ke baya ba bel ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kuma da wannan ƙarfin zai dako bayan kujerar direba.

Na ƙugu a baya ba wuya: faranti a ƙarƙashin mazauni, makullai su ɓullo ta tsagar kujera. Ka san inda tankin mai yake kafin ka huda, kuma in za a yi walda kusa da shi a sauke shi tukuna. Na kafaɗa ne ke son tunani. A salun, allon nan na bayan kujera inda ake huda wa sifika siriri ne, sau da yawa an riga an raunana shi da manyan ramuka. In za a ɗora gidan naɗi a kai, sai an shimfiɗa ƙarfe mai kauri ta ƙarƙashi wanda ya kamo gefen jikin mota, sannan a sayi gidan naɗi na kwance. In kuwa ginshiƙin baya yana da ramin kamfani, yi amfani da shi, ko da bel marar naɗi ne. A wagon mai layi uku, layin ƙarshe ya fi wahala. In ba a sami wuri mai ƙarfi sama da kafaɗa ba, a tsaya a na ƙugu da faranti masu kyau, kada a ƙirƙiri wurin da zai danne kafaɗa ƙasa.

Yaron da bai kai tsayin da igiya za ta bi ƙashin wuyansa ba yana buƙatar kujerar yara ko matashin ɗagawa. Kuma bel ɗaya na mutum ɗaya ne. Uwa ta rungume yaro ta zagaya igiya a kansu su biyu, nauyinta ne zai matse shi.

Gwaji

Zauna ka sa. Ka ji ƙas, ka ja harshen da ƙarfi ka tabbata ya kama. Fizgi igiyar kafaɗa, ta kulle nan take. Sake ta, ta koma da kanta har ƙarshe ba tare da ka taimaka mata ba. Ka jingina da nauyinka a kanta ka danna maɓallin, ya buɗe da dannawa ɗaya. Tura kujera gaba da baya ka ga ko akwai inda igiya ke shiga cikin layin kujera ko gogar kaifin ƙarfe. Bi ta da hannu daga sama har ƙasa, kada a sami murɗiya ko ɗaya.

Sannan ka sami fili ko hanyar da ba kowa. A gudun kilomita 20, ka ɗan sunkuyo a hankali ka taka birki da ƙarfi. Ya kamata ya riƙe ka tun kafin ka yi nisa. Wannan ne ke nuna 'yar ƙwallon nan tana aiki, fizga da hannu ba ta nuna haka. A gwada kowace kujera da mutum a kai. Bayan mako biyu ana hawa, a sake bin boltocin duka da sifana.

Zama da shi

Tun da jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilasta sa bel a farkon 2003, direbobinmu suka ƙware a yafa shi a kafaɗa in an hango shinge, a sauke in an wuce. Wani ɓangare na laifin na bel ɗin ne: datti, tauri, gogar wuya, ɓata wanki. Wanda aka ɗaura daidai, mantawa ake yi da shi a jiki.

Babbar riga ita ce ƙorafin manya, musamman ranar Juma'a da shadda ta sha sitati. Dabarar ita ce ka tattaro gaban rigar sama, ka sa igiyar ƙugu ta kwanta a kan ƙashi ƙarƙashin tarin yadin, sannan ka saki rigar a kai, ka ja ta kafaɗa sau ɗaya don ta kwashe sako-sakon. Haka ma mai hijabi ko mayafi. Mai juna biyu ta sa ta ƙugu ƙarƙashin cikin, a kan cinyoyi, ta kafaɗa ta bi tsakiyar ƙirji ta gefen cikin. Soson da ake naɗawa a kafaɗa ba laifi in siriri ne kuma bai hana igiya komawa ba. Maƙalin da ake sawa don ya riƙe igiya a sake kuwa, a jefar da shi, haka ma ƙulli.

Ranar watan Afrilu tana mai da harshen ƙarfe abin ƙuna, tana kuma cin zaren igiya a hankali. Ka riƙa rufe gilashi ko ka nemi inuwa. Ƙurar hunturu tana taruwa a zoben sama ta haɗu da zufa ta zama danƙo, shi ne yawanci ke sa bel ya daina komawa, ba wai gidan naɗin ya lalace ba. Zaro igiyar duka, ka maƙale ta da abin shanya don kada ta koma, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka goge cikin zoben da tsumma. Ban da bilic, ban da fetur, ban da rini. A bar ta ta bushe sarai a inuwa kafin a sake ta. Gidan naɗi ba a buɗe shi ba a zuba masa giris, akwai nannaɗaɗɗen ƙarfe a ciki da zai watso maka a fuska. Makulli in ya fara cijewa, a busa masa iska a fitar da yashi da ɓawon gyaɗa.

Igiyar da gefenta ya fara tsefewa, ko ta yanke ko da kaɗan, ko ta koɗe ta yi tauri, sauyawa ake yi. Kada a kai wa tela ko mai kushin ya ɗinke, zarensa da kekensa ba na wannan aiki ba ne. In kuma motar ta yi karo da mutum a cikin bel, a sauya saitin wannan kujerar duka har da boltoci, a kuma leƙa farantan ta ƙasa a ga ko ƙarfen da ke kewaye da su ya kumbura.